Ba Shi Kujerar Nan

A cikin duk waɗanda suka taɓa zama aji ɗaya da shi, babu wanda Allah ya yi wa baiwar saurin fahimta irin Almakashi. Sauran bayin Allah sai sun bi magana tun daga kanta har wutsiya kafin su gane inda ta dosa, abin tausayi. Shi kuwa kalma uku sun ishe shi. Ranar da ya tashi da kaifin basira, biyu ma sun yi yawa. Ya sha faɗa da bakinsa cewa karanta saƙo har ƙarshe aikin masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne, tunda mai girki ba ta shanye tukunya kafin ta san ko gishiri ya ji.

Almakashi ba sunan yanka ba ne. 'Yan ajinsu ne suka laƙaba masa shi a dandalin tsofaffin ɗalibai da suka buɗe a intanet, inda kowa ke zuwa ya zuba abin da ke ransa: haihuwa, ciwon baya, hoton jika, cigiyar wanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Da sunan ya iso kunnensa sai ya karɓe shi hannu bibbiyu, don a ganinsa kirari ne. Ai almakashi ne ke fitar da riga daga cikin yadi. Har ya rubuta a ƙasan hotonsa, “Mai Yanke Magana,” yana nufin wanda in ya yi magana an gama. Jama'a suka karanta, suka ce lallai bawan Allah bai taɓa faɗin gaskiya irin wannan ba.

Dandalin yana da wata 'yar dabara da aka yi don sauƙaƙa wa mutane. In wani ya yi dogon rubutu kana so ka amsa sashe ɗaya, sai ka ja yatsa a kan sashen, ka danna amsa. Nan take sai yankin ya fito cikin wani ɗan akwati mai ruwan toka a saman taka maganar, don kowa ya san abin da kake amsawa. Sauran mutane sukan taɓa shi jefi-jefi, kamar barkono. Almakashi kuwa cikin akwatin nan ya tare da kayansa.

Kada a ɗauka mutum ne mara aikin yi. Mataimakin Manaja ne a wani shagon katifu. Manajan yayan matarsa ne, shi ne kuma mai shagon, ma'aikatan duka su biyun ne, amma wannan bai hana a sassaƙa muƙamin a ɗan katako a ɗora bisa tebur ba. Teburin na can ƙurya, tsakanin katifun da aka jingine da bango cikin ledarsu da tulin matasan kai da ya kusa taɓa rufi. Nan yake zama kan kujera mai juyawa, fanka na kaɗa masa ƙeya, waya a tafin hannu. Ya ƙara girman rubutun wayar har kalma huɗu kan cika layi, ba don ido ya fara gajiya ba, a'a, manyan mutane ai manyan haruffa suke karantawa. In mai saye ya shigo yana danna katifa da gwiwa yana tambaya, sai Almakashi ya ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ya ɗago kai ba. Mai ciwon baya zai iya jira. Gyaran al'umma ba ya jira.

Wata safiya Direba, wani ɗan ajinsu mai jan babbar mota, ya rubuta: “Na sha wahala jiya, taya biyu suka fashe mini a hanya.” Mai ƙaramar basira da sai ya ce sannu. Almakashi ya ja yatsa a kan kalma biyu na farko, ya jefa su cikin akwati. “Na sha.” A ƙasa ya zuba hikima:

“Ɗan'uwa Direba, ka yi namijin ƙoƙari da ka fito fili ka amsa. Ni dama na daɗe ina lura da yadda rubutunka ke tangaɗi, na yi shiru ne saboda zumunci. Mutum mai ɗauke da rayukan jama'a, a ce yana sha? Ba zan tambaye ka me ka sha ba, don ni ba mai tonon asiri ba ne. Ina dai kira ga 'yan'uwa mu taya shi da addu'a, mu kuma daina shiga motarsa.”

Direba, wanda ko lemon kwalba likita ya hana shi, ya yi ta rantse-rantse har yatsunsa suka gaji. Almakashi ya amsa masa cikin natsuwar manya: “Ni ban ƙara ko wasali ba. Ko ba kai ka rubuta ba?” Wannan ita ce garkuwarsa, kuma babu wanda ya taɓa huda ta, domin gaskiya ne, bai taɓa ƙara wa maganar kowa komai ba.

Babban aikinsa da har yau ake labari shi ne na mahaifiyar Nas. Nas 'yar ajinsu ce, ta kwana biyu tana jinyar tsohuwarta. Da aka samu lafiya ta rubuta: “Allah ya yi wa mahaifiyata sauƙi, an sallame mu daga asibiti.” Idon Almakashi ya sauka kan “Allah ya yi wa mahaifiyata,” zuciyarsa ta ƙarasa sauran. Ya yanko, ya saka a akwati, ya rubuta ta'aziyyar da ta sa har wasu suka share ƙwalla. Ya yabi halin marigayiya, wadda bai taɓa gani ba, ya tuna wa jama'a cewa duniya ba matabbata ba ce. Tunda rubutunsa ya fi tsawo, shi ne kuma a ƙasa, shi mutane suka fara gani. Kafin la'asar mota ta cika da 'yan aji an nufi gidan. Suka tarar da marigayiya zaune a baranda tana ɓare lemo. Na gaba ya riga ya buɗe baki ya ce, “Ya haƙuri?” Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Haƙurin me, ɗan nan?”

Da wani ne, da ya nemi rami ya shige. Almakashi ya rubuta cewa mutuwa dai tana kan kowa, shi riga jama'a kawai ya yi, ta'aziyya kuma ba ta lalacewa in an ajiye ta.

A gida ma baiwar ba ta hutawa. In matarsa ta fara, “Ka iya barin famfo a buɗe ka yi tafiyarka,” kafin ta wuce “ka iya” ya riga ya yi murmushi ya ce ya gode, ba yau aka fara faɗa masa ba. Baiwar Allah ta yi faɗa, ta yi nasiha, ta kai ƙara wurin yayanta, daga baya ta gano bakin zaren. Ta koma sa muhimmiyar kalma a gaba. “Famfo. Rufe.” “Gas. Ya ƙare.” Almakashi yakan gaya wa mutane cewa zama da shi ya koya wa iyalinsa taƙaita magana.

Ana nan sai Monita ya ce ya gaji. Shi ne ya buɗe dandalin, shi ke kula da shi, kamar yadda ya riƙe ajin tun suna yara, sunan kuma ya bi shi har furfura. Ya sanar cewa a taron shekara mai zuwa zai sauka, a samu wani ya hau kujerar. Kujerar ba ta da albashi, ba ta ma da ƙafafu, amma mai ita shi ke goge rubutu, shi ke liƙa sanarwa a sama, shi ke shigar da mutum ko ya fitar da shi. Monita ya ƙara da cewa kafin a zaɓa za a nemi shawarar Malam.

Malam shi ne tsohon malamin ajinsu, wanda ya koya musu karatu da rubutu. Ya tsufa tukuf. An sa shi a dandalin don girmamawa, yana karanta komai a hankali, amma da wuya ya ce uffan. In kuwa ya ce, magana ta ƙare.

A nan ne abin ya taɓa Almakashi inda ba ya so a taɓa. Kujerar yana sonta, ba shakka, har ya fara tsara waɗanda zai fara gogewa. Amma akwai abin da ya fi kujera. Tun yana yaro yake son tsohon nan ya yaba masa, ko sau ɗaya, bai samu ba. An yaba wa na damansa, an yaba wa na hagunsa, har Direba da ke barci a bayan aji an taɓa shafa kansa. Shi kuwa ya girma, ya yi aure, ya yi tumbi, ya samu katako mai muƙami, amma wurin nan a zuciyarsa yana nan wayam. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa.

Jama'a suka tsayar da Likitan Haƙori, wani mutum mai sanyin hali wanda sana'arsa ta koya masa ya yi shiru ya bar mutane su buɗe baki, ya duba har can ciki. Shi bai ma nema ba, tura shi aka yi. Almakashi kuwa babu wanda ya tsayar da shi, saboda haka ya ɗauke wa jama'a nauyin, ya tsayar da kansa. Ya shiga tattara shaidun cancantarsa daga bakin mutane. Nas ta rubuta, “Ba mu da kamarsa wajen haɗa mutane faɗa,” ya yanko “Ba mu da kamarsa,” ya yi mata godiya, ya ce gaskiya ko daga bakin wa ta fito gaskiya ce. Direba ya rubuta, “Ya cancanta a ɗaure masa yatsu,” ya yanko “Ya cancanta,” ya ce ya ji daɗi addu'ar da aka yi wa Direba ta fara aiki. A yi masa adalci, ba ha'inci yake yi ba. Da zarar ya ga abin da ransa ke so, idonsa sai ya tashi daga aiki.

Sai ranar da Monita ya yi tambayar a fili, inda kowa zai gani: “Malam, ranka ya daɗe, Almakashi ya nuna sha'awar kujerar. Me ka gani?”

Amsar ta zo da hantsi, daidai lokacin da wata mata ke tsaye a shagon tana tambayar wace katifa ce ba ta lotsawa. Waya ta yi ƙara. Almakashi ya duba, ya ga sunan Malam. Ya buɗe. Layin farko, da manyan haruffan nan nasa, ya cika fuskar wayar daga gefe zuwa gefe:

“Ba shi kujerar nan”

Abin nema ya samu. Ya sake karanta kalmomin huɗu. Umarni ne ƙarara, daga Malam zuwa ga Monita, a gaban duniya. Ba shi. Ba a ce a duba ba, ba a ce a yi shawara ba. Akwai wasu layuka a ƙasa, ya ga inuwarsu, amma hawaye sun riga sun cika masa ido, kuma me ya rage a faɗa bayan wannan? Sauran ai bayanin dalilai ne, dalilan kuwa ya fi kowa saninsu. Matar ta ga ƙato yana kuka tsakanin katifu, ta ɗauka saƙon mutuwa ne, ta yi masa gaisuwa ta fita a hankali.

Ya share ido, ya ja yatsa a kan layin, ya sa shi a akwati. Tunda yake yanka bai taɓa yanka mai daɗin wannan ba.

“Malam, ranka ya daɗe, ubanmu, fitilarmu. Na ji, na karɓa. Wallahi ban so ba, don ni mutum ne mai gudun girma, amma umarnin uba ba abin wasa ba ne. Dama na san tun muna yara kana ganin abin da ke cikina, ka ɓoye ne don kada sauran yara su karaya. Yau ga shi ka fasa ƙwai. Ina roƙon ɗan'uwana Likita ya ɗauki ƙaddara, haƙora ma amana ce babba. Waɗanda suka yi mini hassada kuma na yafe musu, sai dai wanda ya sake.”

Ya tura. Daga nan sai 'yan fuskokin nan masu dariya har da hawaye suka fara zubowa, ɗaya bayan ɗaya, har suka cika shafi. Almakashi ya duba ya gyaɗa kai. Jama'a na kukan murna.

Likita ne kaɗai ya ji tausayinsa, ya kira shi a waya. “Ɗan'uwa, don Allah ka koma ka karanta saƙon Malam har…” Almakashi ya ce ya karanta, ya kuma fahimci zafin da Likita ke ji, Allah ya ba shi haƙuri, ya kashe wayar. Sauran 'yan aji suka haɗa baki a ɓoye cewa kada wanda ya sake ya tashe shi. Direba ya ce duk wanda ya gaya masa, shi da shi har abada.

Almakashi ya shiga shiri. Ya kai ɗinki. Ya je wurin masu buga allon talla, ya sa aka buga masa wani ƙyalle mai faɗin katifar mutum biyu: hotonsa a gefe yana riƙe da haɓa, a tsakiya kalmomin huɗu cikin akwati mai ruwan toka, a ƙasa sunan Malam. Matarsa ta ga ƙyallen shimfiɗe a falo, ta karanta. Ta buɗe baki ta ce, “Maigida, anya maganar nan ba ta da…” Ya ce ba ta da na biyu, ya sani.

Ranar taro ta zo. A zauren tsohuwar makarantarsu aka yi, mai fanka biyu, ɗaya na aiki ɗaya na kallo. An jera kujerun roba, an ɗora lasifikar da ke tsuwa duk lokacin da aka matsa kusa da ita. Almakashi ya riga kowa zuwa, ya hau tebur da kansa ya ɗaure ƙyallen a bango, bayan mazaunin manyan baƙi. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kai ya karanta, ya toshe baki, ya nemi wuri. Tunda ake taron shekara ba a taɓa cika irin ranar ba. Har waɗanda aka yi shekaru ana cigiyarsu sun zo.

Can aka shigo da Malam, 'yarsa na riƙe da hannunsa, ɗaya hannun da sanda. Aka miƙe tsaye. Aka zaunar da shi a ƙarƙashin ƙyallen, ya ba shi baya, bai gani ba.

Ba a kira Almakashi ba, amma mai gudun girma ba ya jiran kira. Ya karɓi abin magana daga hannun Monita.

“'Yan'uwa, ban zo neman kujera ba, kujera ce ta zo nemana. An ce yabon kai jahilci ne, saboda haka ba zan ce komai a kaina ba, illa in tuna muku abubuwa kaɗan. Wa ya tsaya wa tarbiyya a dandalin nan lokacin da kowa ya yi shiru? Wa ke riga kowa jajantawa? Akwai masu karanta magana, akwai masu karanta abin da ke bayan magana. Ni ina ganin kan zance na san ƙafarsa. Wannan ba karatu ba ne, baiwa ce, ba kuma laifina ba ne da aka ba ni aka hana wasu. A mulkina ba za a yi dogon surutu ba. Kowa ya kawo maganarsa, ni zan gaya masa abin da yake nufi. Ba ni na faɗa ba, ga wanda ya faɗa nan zaune. Malam, ranka ya daɗe, waiwaya ka ga maganarka.”

Tsoho ya juya a hankali, 'yarsa na tallafe da shi. Ya gyara tabarau. Ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya da bakin sandarsa, yana motsa leɓe, yadda ya koya musu. Da ya kai ƙarshe sai sandar ta ci gaba da tafiya a kan farin ƙyalle, tana neman abin da babu.

“Wannan rubutuna ne?”

“Naka ne, ranka ya daɗe. Ban ƙara ko wasali ba.”

“Na ga ba ka ƙara ba, ɗana. Ina sauran?”

Malam ya juya wurin Monita ya ce ya karanta wa jama'a abin da ya rubuta, daga farko har inda ya sa aya. Monita ya fito da wayarsa, ya yi gyaran murya, ya karanta a hankali kamar mai tafiya kan ƙaya:

“Ba shi kujerar nan ba ƙaramin ganganci ba ne.”

Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta fashe gaba ɗaya. Direba ya zame daga kan kujera ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Nas ta tusa gefen mayafinta a baki. Ashe “ba” ɗin da Almakashi ya ɗauka umarni ne, kan jimla ne kawai, jikinta na layi na biyu.

“An yi ƙari!” Almakashi ya daka tsawa, lasifika ta taya shi da tsuwa. “An yi wa maganar Malam ƙari! Wannan aikin maƙiya ne! Na san masu hannu a ciki! Wayar wa aka karanta? A kawo tawa!”

Malam ya yi wa Monita alama da hannu ya ci gaba, Monita kuwa ya ci gaba, cikin hayaniyar. “Na san shi tun yana sa gajeren wando. Ban taɓa gama tambaya a aji ba sai na ga hannunsa a sama, amsarsa kuma ta wata tambaya ce daban. Yaron kirki ne, ba shi da mugunta, kuma a ajin nan kaf babu wanda ya fi shi ƙwaƙwalwa. Kunnensa ne ba ya jira. Wanda ba ya kaiwa ƙarshen magana ba a ba shi tsaron maganar mutane. Ku ba Likita.”

Dariya ta ɗan lafa a tsakiyar karatun, don yawancinsu sun manta tsohon ya faɗi haka, layin farko kawai suka riƙe. Kowa a zauren ya ji an ce babu wanda ya fi Almakashi ƙwaƙwalwa. Mutum ɗaya ne bai ji ba. Yana can bisa tebur yana kiciniyar kwance ƙyallensa, yana faɗa wa bango sunayen maƙiya. Abin da ya yi shekara da shekaru yana jira ya zo ya wuce ta bayan ƙeyarsa. Ya naɗe ƙyallen a hammata ya fice, gefe ɗaya na jan ƙasa. Aka ɗaga hannu aka yi zaɓe, Likita ya hau kujera yana ba kowa haƙuri.

Washegari Almakashi ya isa shago da shirin yaƙi. Ya zauna, ya juya kujera sau ɗaya, ya rubuta saƙon da ya tabbata zai girgiza dandali:

“Na bar muku dandalin nan muddin ba a fito fili an ba ni haƙuri ba, an kuma binciko wanda ya shirya mini wannan cin fuska. Ni ba na roƙon zama a inda ba a san darajata ba. Ku yi shawara, ƙofata a buɗe take ga mai neman sulhu.”

Ya tura, ya ajiye wayar, ya harɗe hannu. Ya riga ya tsara yadda za a yi. Za su zo roƙo, ya ƙi. Su sake zuwa, ya ce zai yi tunani. Sai an haɗa da Malam tukuna zai sauko, shi ma don girman tsufa.

Waya ta yi ƙara. Direba ne. A saman amsarsa ga ɗan akwati mai ruwan toka, a ciki an rubuta: “Na bar muku dandalin nan.” A ƙasa: “Allah ya kiyaye hanya. In kana da kaya, motata na nan.”

Wata ƙarar. Nas ce, da akwatin, da kalmomin, ta ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Sai wani, sai wata. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Mutanen da ba su taɓa sanin yadda ake jan yatsa a yanko magana ba, ranar suka koya. Akwatuna suka jeru reras har ƙasan shafi, duk abu ɗaya a ciki, babu wanda ya ɗauko “muddin.”

Almakashi ya miƙe tsaye. “Ku karanta sauran!” ya faɗa da ƙarfi, katifu suka shanye muryar. Yayan matarsa ya leƙo daga bakin ƙofa ya tambaya ko lafiya.

“Yaya, ka taɓa ganin rashin tarbiyya irin wannan? Mutum ya yi magana mai kai da ƙafa, a sare mata ƙafa, a ɗauki kan ana yawo da shi! Ai wannan zalunci ne! Sharaɗi na sa, sharaɗi!”

Yayan ya dube shi, ya dubi wayar, ya ce, “Ikon Allah. Ko wa ya koya musu?” Ya koma bakin ƙofa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Almakashi ya zauna, gumi na bin wuyan sabuwar rigarsa. In ya ce bai tafi ba, ya zama mai magana biyu a gaban waɗanda ya yi shekaru yana yi wa wa'azi. In ya yi shiru, ya tafi ke nan. Saura mutum ɗaya bai ce komai ba, kuma shi ne mutumin da duk duniya ta san ba ya tsallake ko aya. Malam zai karanta har ƙarshe. Malam zai ga “muddin.” Zai tsawata musu, ya ce a ba yaro haƙuri.

Can wajen azahar wayar ta yi ƙara, sunan Malam ya fito. Almakashi ya goge tafin hannunsa a wando kafin ya buɗe. Ga akwati mai ruwan toka, tsohon ma ya koya. “Na bar muku dandalin nan.” A ƙarƙashinsa, da manyan haruffa, layi ɗaya:

“Ka yi daidai.”

A karo na farko a rayuwarsa Almakashi ya ja shafi sama yana neman sauran magana. Ya ja, ya sake ja. Babu saura.